Na rina faifan jifa launin ya bi ruwa: wane rini ne ke kama roba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a jihar Mishigan ta Amurka. Abokan karatuna sun ja ni cikin wasan golf ɗin faifai, wanda ake jefa faifan roba daga nesa har ya faɗa cikin kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi. Na ga wasu 'yan wasa da fayafai masu zane kala-kala, suka ce su suka rina da hannunsu. Sai na sayi garin rinin kaya, na dafa, na tsoma faifaina, irin mai arhar nan da ke zuwa uku a kwali. Ina wankewa launin ya bi ruwa, abin da ya rage wani dishi-dishi ne mara kyan gani. Wane rini ya kamata in saya, kuma yaya ake fitar da zanen? Sannan idan na rina, za a bar ni in shiga gasa da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, matsala biyu ce ta haɗu maka: rinin da ka saya ba na roba ba ne, faifan kuma ba mai shan rini ba ne. Ko ka gyara ɗaya, in ka bar ɗayar, aikin ba zai yi kyau ba. Bari mu fara da faifan, don shi ne mutane suka fi mantawa da shi, su yi ta zuba kuɗi a kan rini.

Kowane kamfani yakan fitar da samfuri ɗaya cikin roba iri-iri. Akwai mai arha, wadda Innova ke kira DX, Discraft ke kira Pro D, Dynamic Discs ke kira Prime, kuma ita ake zubawa a kwalin 'yan koyo irin wanda ka saya. In ka shafa ta za ka ji ɗan kaushi, da ta bugi bishiya kuma sai ta yi tabo. Kamfanonin ba sa fallasa haɗinsu, amma galibi wannan roba dangin wadda ake yin bokiti da kujerun biki ce, dangin da masana'antun rini suka daɗe da sanin ba ya riƙe launi. Ɗan abin da ya shiga ma ba ya zama wuri ɗaya, kafin a jima zanen ya baje ya dushe. Sai kuma roba mai tsada, wadda tushenta foliyuretan ne: Star da Champion na Innova, ESP da Z na Discraft, Gold da Opto na Latitude 64 ta ƙasar Suwidin, da Neutron na MVP. Discraft da MVP ma duk a jiharku suke, saboda haka samun kayansu ba zai ba ka wahala ba. Waɗannan su ne ake rinawa.

A cikinsu ma akwai bambanci. Waɗanda haske ba ya ratsa su, irin Star da ESP da Gold da Neutron, sun fi saurin sha, kuma launi ya fi fitowa rau a kansu. Masu garai-garai irin Champion da Z da Opto suna sha, amma a hankali, launin kuma yakan fito da sanyi, ko da yake in ka ɗaga su a rana suna da nasu kyan. Ga mai farawa, fari cikin rukuni na farko ya fi. Dalili shi ne rini ba ya rufe launin da ya tarar, haɗuwa yake yi da shi. Ka sa shuɗi a kan faifai rawaya, kore za ka samu. Ka sa shi a kan ja, ya fito shunayya mai duhu. Babu farin rini, kuma babu yadda za a yi a mayar da faifai mai duhu ya yi haske. Baƙi ne kaɗai ke hawa kan kowane launi ya zauna.

Yanzu rinin. Na auduga an yi shi ne ya narke a ruwa, ruwan ya kai shi cikin zaren tsiro. Ko shunin marinar Ƙofar Mata haka yake aiki: yana shiga zare a narke, iska ta buge shi ya koma shuɗi ya maƙale a ciki. Roba kuwa ba ta jiƙa, don haka rininka a bakin ƙofa ya tsaya har ka zo ka wanke shi. Wanda kake bukata shi ne rinin foliyesta. An ƙirƙiro danginsa a shekarun 1920 saboda yadin asetet da rinin wancan zamani ya kasa kamawa. Ba ya narkewa sosai a ruwa, watsuwa kawai yake yi a ciki, ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, kuma sun fi son roba a kan ruwa. Da sun taɓa ta sai su riƙa kutsawa cikin jikinta. Zafi yana hanzarta kutsen. A masana'anta sai an kai foliyesta wajen digiri 130 na Salshiyas a cikin rufaffiyar tukunya kafin ta sha sosai, amma foliyuretan ta fi ta laushi, tana sha ko a zafin ɗaki in an ba ta lokaci.

Idan ka gane wannan, sauran bayanin duk ya zo da sauƙi. Ruwan zafi, man shafawa, kumfar aski, gam, babu wanda ke rina komai a cikinsu. Aikinsu su riƙe rinin a jikin faifai, a siffar da kake so, har ya gama shiga.

A kasuwarku sunaye uku za ka fi ji. Akwai iDye Poly na kamfanin Jacquard, gari ne a ƙaramin ƙunshi, ana samunsa a shagunan kayan ɗinki. Ka lura da kalmar Poly ɗin nan, domin akwai iDye na auduga a ƙunshi mai kama da shi. Akwai garin Pro Chemical & Dye, wanda launukansa suka fi yawa, masu sana'ar kuma shi suka fi rungumar. Sai Rit DyeMore, wanda ruwa ne. Yana yi in tsomawa za a yi, amma da yake an riga an sirka shi, in ka gauraya shi da man shafawa sai ya yi salam. Rit na gama-gari kuwa, ka bar wa riguna. Wasu kuma suna amfani da rinin da masu kamun kifi ke tsoma tsutsar roba a ciki, saboda launukansa masu ƙyalli ne, sai dai rana tana saurin cinye su. Ni a ganina ƙunshi uku na ja da shuɗi da rawaya, da na huɗu baƙi, sun ishe ka wata da watanni.

Kafin komai a wanke faifan da sabulun wanke kwanoni, domin maiƙon hannu yana hana rini kamawa, har shatin yatsa yakan fito a cikin zane. In kana son cire tambarin kamfani, ka ɗiga asiton a auduga, wato sinadarin da ke cikin ruwan goge jan farce, ka share da sauri, kana canza auduga, kada narkakken tambarin ya shafe ko'ina. Kada ka bar asiton ya kwanta, yana cin fuskar roba. Shatin tambarin zai ɗan rage, tunda da zafi aka buga shi. Kamfanoni da dama suna sayar da farare marasa tambari saboda masu rini, waɗannan sun hutar da kai.

Hanyar da na fi ba mai farawa shawara ita ce tsomawa da sitika, domin ita ce ke koya maka yadda zafi da lokaci ke aiki, kana gani da idonka. Za ka sami ledar sitika irin ta masu rubutun allon talla, wadda aka fi sani ita ce Oracal 651. Ka yanke zanenka da na'urar yanka irin Cricut, ko da hannu da wuƙa mai tsini in kana da haƙuri, amma a kan katako ko gilashi, ba a kan faifan ba. Ka manna ta ta rufe saman faifan duka har ta naɗo gefe, ka ɓare wuraren da kake son rini ya shiga. Sannan ka bi bakin kowane yanka da katin roba ka danne, don duk inda iska ta ɓuya nan rini zai kutsa ya ɓata layi. Wannan dannewar ita ce rabin aikin, kuma ita ake yi wa gaggawa.

Ka narkar da garin a faffaɗar tukunya da ruwan zafi, ka bari ya huce zuwa tsakanin digiri 50 da 60 a ma'aunin Salshiyas, wato kimanin 120 zuwa 140 a ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka. Ka sayi ma'aunin zafi na kicin, kada ka yi kintace. In ruwan ya wuce haka faifan yana iya lanƙwashewa, gam ɗin sitika ya saki, kuma faifan da siffarsa ta canza ba zai ƙara tashi yadda ka san shi ba. Ka sauke tukunyar daga wuta, ka kifa faifan a kan ruwan ya yi yawo kamar ƙwarya, ka shigar da shi a karkace don kada iska ta taru a ƙarƙashinsa ta bar farin tabo. Bayan minti biyar ka ɗaga ka duba. Wani ya ishe shi, wani sai ya kai minti ashirin ko fiye, musamman baƙi, wanda kan fara da ruwan toka ko shunayya kafin ya yi duhu. Ka ɗauraye da ruwan sanyi tukuna, sannan ka ɓare sitika. In launi biyu kake so, ka fara da mai duhu, ka ƙara ɓare wani sashe, ka tsoma a mai haske; mai hasken ba zai ɓata mai duhun ba. Ruwan kuma kada ka zubar, a zuba a kwalba a rufe, yana sake yin aiki.

Masu gajimare da murɗe-murɗen da ka gani a hannun abokanka, yawanci shimfiɗa aka yi musu. Ana cika faranti mai zurfi da kumfar aski, a sassauta ta da ɗan ruwa, a baje ta sumul, a barbaɗa garin rini ko a ɗiɗɗiga shi, a ja da tsinken sakace, sannan a kifa faifan a kai a bar shi ya kwana. Kumfa tana ba da launi mai taushi, amma tana zagwanyewa in ta ji zafi, saboda haka ba a gasa ta. Man shafawa ya fi ta biyayya. Mai arha mai kauri ake so, shi ya sa Queen Helene ya yi suna a wurin masu rini. Za ka kwaɓa gari da ɗan ruwan zafi, ka juye cikin man, ka zuba a ƙananan robobi masu tsinin baki. Daga nan ko ka yi shimfiɗa da shi, ko ka zana kai tsaye a kan faifan da buroshi, ko ka cike gurbin sitika da launi daban-daban a zama ɗaya, abin da tsomawa ba za ta ba ka ba. Ana barinsa sa'o'i 12 zuwa 24 a zafin ɗaki. In ka sa shi ƙarƙashin fitila mai ɗumi, wajen digiri 50, sa'o'i kaɗan sun isa. A hunturun Mishigan, in garejin da kake aiki ba shi da ɗumi, kwana ɗaya ba zai ishe ka ba.

Akwai shimfiɗar gam mai garai-garai, inda ake narkar da rini a asiton a ɗiga a kai ya yi ta bajewa, da ta Floetrol, ruwan da masu fenti ke sirka fenti da shi, wanda in an sa ɗigon man silikon aka hura masa zafi sai ya fashe ƙwai-ƙwai. Suna da kyau, amma suna cin kaya, ka bar su sai hannunka ya faɗa. Zobba-zobban nan kuwa a kan tsohon garmaho ake yin su: faifan yana juyawa, kai kuma ka taɓa shi da buroshin da ka tsoma a rinin da aka narkar a asiton.

Asiton yana kama wuta nan take, don haka kada ya kusanci murhu ko abin hura zafi, kuma a buɗe taga. Ka sa safar hannu, ka sa takunkumi lokacin awon gari. Tukunyar da ta ga rini ta bar kicin ke nan har abada.

Batun gasa, ka kwantar da hankalinka. Ƙungiyar PDGA mai tsara dokokin wasan, wadda Ed Headrick ya kafa a 1976, mutumin da ya ƙirƙiro kwandon mai sarƙar da kuke jifa, dokokinta sun yarda a yi wa faifai rini ko rubutu da alƙalamin maka. Cikin abin da suka hana akwai ƙara masa wani abu mai kauri da hannu zai ji, irin fenti. Rini cikin robar yake shiga, ba ya ƙara tudu, kuma nauyin da yake ƙarawa bai kai a yi maganarsa ba. Sai dai ka tabbata ka kankare gam ɗin sitika tas.

Abu ɗaya da ba a cika gaya wa mai farawa ba: rinin ba ya daina tafiya bayan ka wanke faifan. Yadda ya kutsa, haka zai ci gaba da rarrafe a cikin robar, bayan shekara ɗaya ko biyu siraran layuka su fara yin laushi, musamman a roba mai taushi sosai. Zafi da rana suna gaggauta hakan, don haka kada ka bar jakarka a but ɗin mota da bazara, kuma kada sabon rini ya kwana manne da farin faifai. In za ka zaɓi zane, manyan layuka sun fi ƙananan rubutu daɗewa. Ka kuma yi tunanin filin da kake wasa: faifai kore da ruwan ƙasa yana da kyau a hannu, amma in ya faɗa cikin ganyen kaka sai ka yi rabin sa'a kana nemansa. Ka bar gefensa fari, ko ka rina shi ruwan hoda mai haske.