Re: Zan iya canza tamostat da wata famfo na Corolla da kaina a gida?

Malam, ka ce Corolla ɗinka ta 2005 tana ɗaukar zafi in ka shiga gosulo wajen Ƙofar Ƙaura, kuma ruwa na ɗiga ƙasan injin. Eh za ka iya, don wata famfon wannan injin, wato famfon da ke zagaya da ruwa cikin injin, a waje yake, fan bel ke juya shi. Da Peugeot 406 ce da na ce kai wa bakanike kawai, don ita sai an taɓa bel ɗin tayimin.

Amma fa ka bari injin ya huce sarai kafin ka buɗe murfin lagireto, ni na taɓa yin garaje ruwan ya ɗaye min fatar hannu, har yau tabon na nan. Ka zubar da ruwan, ka ɗauki hoton yadda bel ɗin ya zagaya da waya kafin ka cire, in ba haka ba wallahi sai ka yini kana lissafi. Ka kankare wajen da famfon ke zama tas, ka sa sabon roba mai hana yoyo, notocin kuma a ɗaure su a hankali, aluminiyam ne, zare na saurin cinyewa.

Tamostat ɗin, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya in injin ya ɗau zafi, akwai ɗan ƙaramin fin a jikinsa, ya kalli sama. Kuma don Allah kar ka biye wa masu cewa a cire shi a yar wai garinmu da zafi, a wajen digiri 82 yake buɗewa, in babu shi da sanyin hunturu injin ba ya ɗumi, mai kawai zai ta sha.

Ka zuba kulant, wato ruwan musamman na sanyaya inji, ban da ruwan rijiya. Ka tada motar murfin lagireto a buɗe har kumfar iska ta daina fitowa, sannan ka ƙara kulant.