Alfred Stieglitz, mai kyamarar da ya buɗe gidan baje koli

Tambaya: Malam, sana'ata ɗaukar hoton biki da suna. Na ji an ce akwai wani Ba'amurke mai ɗaukar hoto da ya buɗe gidan baje kolin hotuna nasa na kansa, har ya yi suna a duniya. Wane ne shi, kuma gidan nan ya ciyar da shi kuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, Alfred Stieglitz kake nufi. Bari in fara da ƙarshen tambayarka: gidan bai ciyar da shi ba, shi ne ma ya riƙa ciyar da gidan. Mahaifinsa attajiri ne mai cinikin ulu, matarsa ta fari kuma 'yar masu kuɗi ce, to da wannan rufin asiri ya yi ta faɗa a kan abu guda, wato a yarda cewa hoton kyamara fasaha ne kamar zanen hannu.

An haife shi a Hoboken ta jihar New Jersey a 1864. Karatun injiniya ya kai shi Berlin ta Jamus, can ya faɗa hannun Hermann Vogel, masanin sinadaran wankin hoto, sai kyamara ta ɗauke masa hankali. Da ya koma New York a 1890 ya tarar masu zane na kallon mai hoto a matsayin mai danna inji kawai. A 1893 ya tsaya awa uku cikin guguwar dusar ƙanƙara a titin Fifth Avenue yana jiran keken doki ya shigo daidai inda yake so. Kai da ka saba jiran amarya ta ɗago kai, ka san wannan haƙurin.

A 1903 ya fara buga mujallar Camera Work, a 1905 kuma shi da abokinsa mai ɗaukar hoto Edward Steichen suka buɗe wasu 'yan ƙananan ɗakuna a gida mai lamba 291 a titin nan, har lambar ta zama sunan wurin. Dabararsa ita ce ya rataye hoto a bangon da ake rataye zanen manya, don mai kallo ya auna su da mudu ɗaya. Ya nuna zanen Rodin da na Matisse, manyan masu fasaha na Faransa, a 1908, ya kawo na Picasso, mai zane ɗan Spain, a 1911. Ka ji ciniki: a nunin Picasso guda biyu kacal aka saya, ɗayan ma Stieglitz ɗin ne ya saya da kuɗinsa. A 1914 ya baje sassaƙen itace na Afirka a matsayin fasaha, abin yabo ne a lokacin, amma sunan da aka sa wa nunin ya kira masu sassaƙar mutanen daji. Wannan ban yafe masa ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda bangon nan ya koya wa mai shi aiki. Da farko shi da abokansa suna son hoto mai hazo-hazo, wanda zai yi kama da zanen buroshi. A 1907 yana cikin jirgin ruwa zuwa Turai, a sashen masu hali, ya leƙa ƙasa inda talakawa suke cunkushe. Ya ga wani mai farar malafa, ga gadar katako ta raba hoton biyu, ga bututun hayaƙi ya karkace, ga mata da yara a ƙasa. Kamar yadda ya ba da labari daga baya, farantin gilashin ɗaukar hoto ɗaya ya rage masa, da shi ya ɗauka. Ya ajiye hoton shekara huɗu, sai a 1911, bayan idonsa ya saba da irin zanen Picasso, ya buga shi. Shi ne The Steerage, kuma tas yake, ba hazo ko kaɗan. Mutane da yawa na zaton baƙi ne masu shiga Amurka, alhali jirgin barinta yake yi.

A 1917 kuɗi suka ƙare, Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka rufe 291, mujallar ma ta tsaya a fitowa ta 50. Bai haƙura ba: ya buɗe Intimate Gallery a 1925, sannan An American Place a 1929. A nan ya tsaya wa masu zane kaɗan, irin su John Marin da Arthur Dove da Georgia O'Keeffe, wadda ya aura a 1924 ya kuma ɗauke ta hoto sama da 300. Mutum ne mai wuyar sha'ani. Yakan hana mai kuɗi sayen zane idan ya ga bai san darajarsa ba, abokai da dama kuma sun rabu da shi baram-baram.

A 1924 gidan adana kayan fasaha na Boston ya karɓi hotunansa 27 cikin taskarsa. Ciwon zuciya ya sa ya ajiye kyamara a 1937, amma ya ci gaba da zuwa gidan baje kolin har ya rasu a watan Yulin 1946.