Karin kumallon mai cutar Crohn: amsa ga 'yar'uwar da ta daina karyawa

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne. Kin ce wata huɗu ke nan da likita ya tabbatar miki cutar Crohn ce, wato kumburin hanji mai daɗewa, duk abin da kika sa a baki da safe sai ya kai ki bayi, har kin haƙura da karyawa, kina fita aiki da yunwa sai bayan azahar, kina tambayar me masu wannan lalura ke ci da safe. Tun 2016 nake tare da ita, kuma wannan hanyar da kika ɗauka na bi ta, shi ya sa na kasa wucewa ban yi magana ba.

Don Allah ki koma karyawa. Ni koyarwa nake yi, tsoron kada ciki ya murɗa mini a gaban yara ya sa na yi kusan shekara ba na cin komai da safe. Kilo 11 na zubar, jinina ya yi ƙasa, na fara ganin jiri a tsakiyar darasi, gudawar kuma ba ta tsaya ba. Daga baya likitana ya fahimtar da ni cewa hanjin kowa yana motsawa da zarar abinci ya sauka a ciki, kuma motsin ya fi ƙarfi da safe; namu da ke da kumburi shi ne yake amsawa da gaggawa. Ashe ba kullum laifin abincin ba ne. Sai na sauya lokaci. Ina idar da sallar asuba nake shan ruwan ɗumi, in ci ɗan abin da zan ci, in bar wa cikin awa ɗaya da rabi ya yi abin da zai yi ina gida. Sauran abincin in zuba a kula in ci ƙarfe goma. Wannan kaɗai ya rage mini rabin fargaba.

Abin karyawar kansa kuwa, sai kin duba halin da hanjinki yake ciki. Abincin ranar da ciwo ya motsa daban, na lokacin da ya lafa daban.

In ya motsa, koko ne gatana, amma ba na mai koko ba. Nata akwai citta da kanumfari da masoro da barkono, su ne daɗinsa, su ne kuma suke ƙona ni. Gasarata nake yi da kaina: in jiƙa gero, in wanke, a markaɗo ba kayan yaji ko ɗaya, in tace sau biyu da ƙyallen tata har sai babu alamar dusa. Ina dama shi da ɗan kauri, sukari kaɗan, in bari ya huce kafin in sha. Sai dai koko shi kaɗai ba ya gina jiki, mu kuma a lokacin kumburi ne jiki ya fi neman abin gina shi. Saboda haka dafaffen ƙwai ɗaya ko biyu ba ya barin gefen kofina. Ranar da na gaji da koko sai in yi kunun shinkafa, ko in fere dankalin turawa in dafa shi luguf in murƙushe da ɗan gishiri, ko farin burodi da romon kaza da na kwashe man da ya taso sama, ba tarugu ba albasa mai yawa. Ayabar da ta nuna sosai da gwanda suna zama mini lafiya. Na sani, abinci ne mai lami. Na 'yan kwanaki ne ko makonni, ba na dindindin ba. In gudawar ta yi yawa ki haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tafasasshen ruwa, sukari shafaffen cokalin shayi 6, gishiri rabin cokalin shayi, ki riƙa kurɓa.

Ƙosai ne ya fi yi mini wuyar rabuwa, da shi na tashi a gidanmu. Amma ki duba abin da ya tara: wake mai kumbura ciki, ga tarugu da albasa, sannan a tsoma shi cikin man da wataƙila an kwana uku ana suya da shi. Mai ya fi komai tayar mini da hanji, kuma akwai dalili. Cutar ta fi kama ƙarshen ƙaramin hanji, inda jiki ke sake tsotse ruwan ɗacin da ke narkar da maiƙo. In wurin ya kumbura, maiƙo sai ya zama gudawa. Da na gane haka na koma alale. A surfa waken a wanke har ba ɓawo ko ɗaya, a niƙa shi ya yi laushi, mai cokali ɗaya, a turara. In cikina na kwance ina cin ƙulli ɗaya ba abin da ke faruwa. Haka ƙwan mai shayi da ake soyawa yana ninƙaya cikin mai, da taliyar leda da ake juye mata yajinta duka, da wainar da ta sha mai, duk na bar su.

Akwai tambayar da nake so ki yi wa likitanki tun kafin ki gwada komai: shin hanjinki ya tsuke a wani wuri? Kumburin da ya daɗe yana barin tabo, hanya ta ƙuntata, abin da bai narke ba ya je ya toshe. Ni ban san nawa ya tsuke ba sai ranar da na ci aya a hanyar makaranta, da dare ciki ya kumbura, amai ya ƙi tsayawa, na yi kwana huɗu a asibiti da roba a hanci. In an ce miki akwai tsukewa, ki yi nesa da aya da gyaɗa da gurjiya da gugguru da gasasshiyar masara, da kwaɗon zogale ko rama, da ɗanyen kabeji, da mangwaro mai zare, da totuwar lemo. Ko da lafiyarki ƙalau kike ji. Kunun gyaɗa da aka tace sosai wannan daban ne, ina sha rabin kofi in na lafa. Kuma ciwon ciki mai tsanani da amai da rashin fitar tusa ba abin jira ba ne, asibiti za ki nufa a daren.

Batun shayi da madara, mutane sun bambanta. Da yawa daga cikinmu sukarin da ke cikin madara ba ya narke mana, musamman lokacin kumburi. Ni madarar gari ko ta gwangwani a shayi tana sa ni ƙugin ciki, amma kindirmo kaɗan ba ya yi mini komai, domin tsamin da ya yi ya cinye wani ɓangare na sukarin. Ki gwada ki gani, kada ki yanke wa kanki madara don kawai wata ta ce. Abu ɗaya ne ba na sassauci a kansa: in an ɗora ki kan magungunan da ke rage garkuwar jiki, irin su azathioprine, kada ki sha nonon da ba a tafasa madararsa ba kafin a kwantar. Ana ɗaukar tarin fuka na shanu da wasu cututtukan ta nan, jikinmu kuma ba shi da ƙarfin turewa. Kofi na daina, yana zaburar da hanji. Shayi mara kauri nake sha.

In Allah Ya kawo sauƙi ciwon ya kwanta, ki buɗe wa kanki hanya. Ɗumamen tuwon shinkafa da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, ba yaji sosai, a ɗumama shi ya yi zafi har ciki, shi ne karin da ya fi riƙe ni har azahar. Faten acca ma haka, da dafaffiyar doya da ɗan kifi. Littafi na ajiye: sabon abu ɗaya kawai nake ƙarawa, in ba shi kwana uku, in rubuta abin da na gani. Da littafin na gano tumatir ba ya damuna in an cire ɓawo da 'ya'yan, alhali na shekara biyu ina gudunsa a banza. Ina jin takaicin wannan har yau, domin yawan haramta wa kai abinci shi ma cuta ne a wurinmu.

Za ki sha shawarwari. Da yake cutar ba sananniya ba ce a nan, ni kaina an yi ta ba ni maganin taifot da na olsa kafin a gano ta, kuma tana kama da tarin fuka na hanji har likitoci sai sun yi gwaji suke rarrabewa. 'Yan'uwa za su ce basir ne, ko dattin ciki, a kawo miki jiƙo na wankin ciki. Da ƙauna suke yi, amma kada ki sha. Hanjin da ke da gyambo ba ya son abin da zai ƙara gudar da shi. Cuta ce da aka sani tun 1932, lokacin da likita Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu suka bayyana ta a birnin New York na Amurka. Abinci bai kawo miki ita ba, kuma abinci kaɗai ba zai kwantar da kumburin ba, sai da magani. In kina kan prednisolone, maganin rage kumburi, da safe ake shan sa tare da abinci, ga wani dalilin karyawa ke nan. Ibuprofen da diclofenac kuwa ki guje su ko ciwon mara kike yi, suna tayar da ciwon. Ki nemi a riƙa auna miki jini da sinadarin B12, shi ma a ƙarshen ƙaramin hanjin ake tsotse shi, sannan ki roƙi likita ya haɗa ki da masanin abinci. Asibitocin koyarwa suna da su.

Gobe in Allah Ya kai mu ki fara da rabin kofin koko mara yaji da dafaffen ƙwai ɗaya bayan asuba, ki tafi da ayaba ɗaya a jaka. In kin ga likita kin ji batun tsukewar, ki sanar da ni, sai in rubuto miki yadda nake tsara abincin sati guda.