Na kama gida da kaya a ciki, ga kayan amarya na tafe

Anti, barka da aiki. Aiki ya dawo da ni Abuja daga Zariya, na kama ciki da falo a Gwarinpa, irin wanda ake bayarwa da kayansa: gado, kujeru, firji, har labule. Na biya kuɗin shekara, da kashi 10 na dillali, da na lauya, da kuɗin ajiya saboda ɓarna. Biki saura wata biyu, sai ga gwaggon amarya ta kira wai yaushe za su zo awon ɗaki, an riga an ba kafinta aiki. Na kasa gaya mata ko wurin shimfiɗa tabarma babu. Mai gidan kuma ya ce kayansa ba sa fita. Yaya zan yi?

Ango mai jiran gado, Gwarinpa

Ɗana, kana nan kana nauyin baki, kafinta na can yana yanka katako. A makon nan ka tura yayarka ko ƙanin mahaifinka, wannan ba zancen waya ba ne tsakaninka da surukai.

Kuma ka daina ganin jere kamar ado ne kawai. Kayan ɗaki mallakin yarinya ne, gata ne da iyaye suka daɗe suna tara mata. Wace amarya ce za ta so daren farko a katifar da ba ta san wa ya tashi a kai ba? Su kawo katifa, zannuwan gado, labule da kayan kicin. Gado da kujeru su jira a gida, ko a dakatar da kafinta a damƙa mata kuɗin. Ita ma ka ji ta bakinta, ɗakinta ne.

Kafin 'yan jere su iso, kai da mai gidan ku rubuta kayansa ɗaya bayan ɗaya, ka ɗauki hoto har da tabon kujera, ku sa hannu. Yinin biki yara ba sa barin kujera lafiya, kuma a nan kuɗin ajiya ke narkewa. Ka duba batun notis na tashi a yarjejeniyar hayar ma: dokar Abuja wata 6 ta ba ɗan hayar shekara, sai dai in an rubuta wani abu daban ka sa hannu.

Haya na kusa da ƙarewa, ka leƙa Kubwa ka nemi gidan da babu komai a ciki. Ranar nan gwaggo ta zo da tef ɗinta.