Gashin sankara ya ƙona wa Baba wuya

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifinmu na karɓar gashin sankarar maƙogwaro. A mako na uku fatar wuyansa ta yi baƙi tana saɓulewa, bakinsa kuma ya bushe ƙayau. An yi kuskure ne? Jikoki za su iya zama kusa da shi? Daga wata 'yar'uwa, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Wannan sananne ne. Gashi shi ne kashe sankara da wani haske mai ƙarfi na na'ura (radiotherapy). Hasken yana kakkarya DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, kuma waɗanda ke saurin hayayyafa, irin na fata da cikin baki, su ne ke fara jigata. Shi ya sa ake raba shi kaɗan-kaɗan: yawanci Gray 2 a rana (Gray shi ne ma'aunin yawan hasken), kwana biyar a mako, har a kai 60 zuwa 70, don lafiyayyen nama ya samu sararin farfaɗowa.

Fata kan warke cikin makonni bayan kammalawa. Wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ban da soso, ban da man zafi. Ko man kaɗanya, a tambayi masu gashin tukuna.

Bushewar baki ta fi damunmu. Gurbin da ke samar da yawu ba ya jure hasken, wani lokacin ba ya komawa yadda yake, sai haƙora su fara ruɓewa. Ya riƙa kurɓar ruwa, ya rage yaji, goro da taba kuwa a ajiye. Kada a cire masa haƙori ba da sanin likitan sankara ba, domin ƙashin muƙamuƙin da aka gasa yana wuyar warkewa.

Jikoki su hau cinyarsa abinsu. Gashin da na'ura ke yi daga waje ba ya barin haske a jiki.