Tambaya da Amsa: Jamus ta ci takwas ta koma gida, Maroko ta ci biyu ta wuce

Assalamu alaikum. Jiya Alhamis, 3 ga Agusta, aka kammala wasannin rukuni na gasar cin kofin duniya ta mata ta 2023 da ake yi a Ostireliya da Niyu Zilan. Wasa 48 cikin kwana 15, kuma duk sakamakonsu yana cikin tsohon littafin nan nawa mai shuɗin bango, wanda maiɗakina ke kira kishiyarta. Saƙonnin da kuka turo a kan wannan gasa sun fi yadda na zata yawa. Ga waɗanda fili ya ɗauka.

Tambaya: Malam, ni fa lissafin nan ya ɗaure mini kai. Da idona na ga Jamus ta zuba wa Maroko shida babu ko ɗaya, yanzu kuma an ce Maroko ce ta wuce, Jamus ta tattara kayanta. Ko dai an yi maguɗi ne? Daga wani tela a Gusau.

Amsa: Babu maguɗi, ɗan'uwa. Kai da ka san awo, ka san cewa in ka sa yadi goma a riga ɗaya, riga ɗaya dai ka ɗinka. Nasara maki uku ce, ko da ci ɗaya mai ban haushi ko da ci shida. Canjaras maki ɗaya, rashin nasara kuwa hannu rabbana.

Ga yadda rukunin H ya kaya. Jamus ta lallasa Maroko 6-0, maki uku. Sai Kolombiya ta doke ta 2-1, da ƙwallon da Manuela Vanegas ta ci da ka a can cikin mintunan da aka ƙara. Jiya kuma ta yi 1-1 da Koriya ta Kudu. Jimla maki huɗu. Maroko kuwa, bayan ta sha wancan dukan kawo wuƙa, ta share hawaye ta ci Koriya ta Kudu 1-0, ta ci Kolombiya 1-0. Maki shida. Ƙwallo biyu kacal ta zura a gasar, an zura mata shida, ga ta a zagayen 'yan 16. Jamus da ta ɗauki kofin a 2003 da 2007, wadda ta shigo gasar tana ta biyu a jadawalin FIFA alhali Maroko tana ta 72, ta ci takwas, Alexandra Popp kaɗai ta ci huɗu, kuma wannan ne karon farko da aka yi waje da ita tun a rukuni. Koriya ta Kudun nan dai ita ta kori mazan Jamus a 2018. Wataƙila akwai tsohuwar jiƙaƙƙa tsakaninsu.

Yawan ƙwallaye yana da ranarsa, amma sai maki ya zo ɗaya. Dubi rukunin A: Nowe da Niyu Zilan kowacce maki huɗu, kuma Niyu Zilan ce ma ta ci Nowe 1-0 a wasan buɗe gasa. Sai dai dokar wannan gasa ta fara duba bambanci tsakanin abin da ka ci da abin da aka ci ka, kuma Nowe ta zuba wa Filifin shida a wasan ƙarshe. Nan shidan ya yi rana, masu masaukin baƙi suka koma 'yan kallo a gidansu. In nan ma an yi kunnen doki, a duba wanda ya fi cin ƙwallo, sannan yadda aka tashi a karawar da suka yi da juna, sannan a ƙirga katuna. Kada ka raina wannan na katunan: da shi Japan ta fitar da Senigal a gasar maza ta 2018.

Tambaya: Yallaɓai, ni ban ga abin murna ba. 'Yan matan Najeriya wasa ɗaya tak suka ci, biyu suka tashi babu ci, sun cika gida sun ƙi fita. Wannan ai tsoro ne aka sa wa suna dabara. Daga ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗana, bari in ba ka labarin daren Juma'a, 21 ga Yuli. Ƙarfe uku da rabi na dare aka take wasanmu da Kanada a birnin Melbourne, domin sun riga mu da awa tara. Na sa ƙararrawar waya, na tashi, na tarar 'yata ta biyu, wadda ke aji biyar a sakandare, ta riga ni zama gaban talabijin da bargo a kafaɗa, ta dafa shayi. Ba a jima da dawowa daga hutun rabin lokaci ba aka duba na'urar maimaici, aka ba Kanada bugun fenariti. Wadda ta ɗauki ƙwallon ita ce Christine Sinclair, mai shekara 40, wadda ta ci wa ƙasarta ƙwallo 190. Babu namiji ko mace da ya taɓa ci wa ƙasarsa haka. A gabanta mai tsaron ragarmu Chiamaka Nnadozie, mai shekara 22. Yarinyata ta rufe fuska da bargo, ta ce, "Baba, in ta shiga kada ka gaya mini." Ban gaya mata komai ba. Ihun da na yi lokacin da Nnadozie ta faɗi ta ture ƙwallon shi ya gaya mata, ya kuma tashi maƙwabcina, wanda har yau yake mini kallon wanda ya zare.

To ɗauki alƙalaminka. Rukunin B ya ƙare haka: Ostireliya maki shida, Najeriya biyar, Kanada huɗu, Ailan ɗaya. Da ƙwallon Sinclair ta shiga aka tashi 1-0, sauran wasannin kuma suka tafi yadda suka tafi, da Kanada tana da shida, mu muna da huɗu, kuma da yanzu 'yan matan suna filin jirgin Abuja suna jiran akwatunansu. Canjaras ɗin da kake rainawa ya ba mu maki ɗaya, ya kuma hana Kanada biyu. Kanadar nan ita ta ɗauki zinaren Olamfik na Tokyo. A ƙarshen wasan ma mu goma muka rage, bayan an ba Deborah Abiodun jan kati.

Kuma wa ya gaya maka ba su fita? Ranar Alhamis 27 ga Yuli, a Brisbane, gaban mutum sama da dubu 49 da kusan dukkansu ke bayan masu gida, Ostireliya ta fara cin mu dab da hutu ta ƙafar Emily van Egmond. Matsoraci nan yake zubewa. Kafin a busa hutun Uchenna Kanu ta farke. Osinachi Ohale ta sa kai ta ci ta biyu, ta sha ƙafa a jiki tana faɗawa cikin raga tare da ƙwallon. Asisat Oshoala ta taso daga benci, ta ga 'yar baya da mai tsaron raga suna kallon-kallo, ta bi ta gefe ta jefa ta uku daga wani lungu da ko ni da nake zaune ban ga ƙofa ba. Da wannan ta zama 'yar Afirka ta farko da ta ci ƙwallo a gasar duniya uku, 2015 da 2019 da bana. Aka tashi 3-2.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne wasan Ailan. Ya yi sanyi, har na yi gyangyaɗi da rana tsaka. Amma maki ɗaya muke nema a ranar, Ailan kuwa ta riga ta fita, ba ta da abin asara. Wanda ya ɗauko tulu cike da ruwa har ƙofar gida ba ya tsayawa rawa. Koci Randy Waldrum ya zaɓi ya shiga da tulunsa, kuma ban ga laifinsa ba.

Ka tuna 2019 a Faransa. Nowe ta ci mu 3-0, Faransa ta ci mu 1-0, mun ci Koriya ta Kudu 2-0, muka zauna a otal muna jiran wasu su yi mana aiki, sannan muka ratsa a matsayin na uku. Lokacin ƙasashe 24 ne, ana ɗaukar na uku guda huɗu. Bana ƙasashe 32 ne, an toshe waccan kafa, biyun farko kawai ke wucewa. Tun 1991 ba a taɓa yin gasar nan babu Najeriya ba, kuma sai bana muka gama rukuni ba a doke mu ba. In kana son ka ga rowar ƙwallo ta gaske, duba Jamaika: 0-0 da Faransa, 1-0 a kan Fanama, 0-0 da Barazil. Ƙwallo ɗaya a wasa uku, ba a ci su ko ɗaya ba, kuma su suka sallami Marta, gwarzuwar Barazil, daga gasar da ta ce ita ce ta ƙarshe gare ta.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina da gidan kallo, talabijin ɗina ɗaya ce mai kyau. Me ya sa suke haɗa wasannin ƙarshe na rukuni lokaci guda? Ranar Litinin rabin mutanena na son Najeriya da Ailan, rabi na son Ostireliya da Kanada, har aka kusa ba hamata iska. Daga Funtuwa.

Amsa: Alhaji, kai ƙararka wajen Jamus ta Yamma da Ostiriya. A gasar maza ta 1982 a Sifaniya, Aljeriya ta ba duniya mamaki ta doke Jamus ta Yamma 2-1, ta kuma buga wasanta na ƙarshe kwana ɗaya kafin sauran. Don haka Jamusawa da Ostiriyawa suka shiga fili a garin Gijon sun san in Jamus ta ci da ƙwallo ɗaya ko biyu, su biyun za su wuce. Jamus ta ci ɗaya wajen minti goma, daga nan aka koma tura ƙwallo baya-baya har aka tashi. Aljeriya ta tafi gida. Tun daga gasar 1986 ake buga wasannin ƙarshe a tare, don kada kowa ya san abin da zai ishe shi.

Ga amfaninsa jiya. Maroko ta gama da Kolombiya a Perth, amma ana nan ana fafatawa tsakanin Jamus da Koriya a Brisbane, can ɗaya gefen ƙasar. 'Yan wasan Maroko suka yi da'ira a tsakiyar fili, kowacce ta sa ido a kan waya, domin ƙwallo ɗaya daga Jamus ta isa ta rushe komai. Da aka busa can, suka fashe da kuka nan. Wannan kallon ya fi kuɗin shiga da kake karɓa. Shawarata: nemo ƙaramar talabijin ko da ta aro ce, ka rage mata murya, ka ajiye a kusurwa.

Tambaya: Malam, jikata ta nuna mini hoton wata 'yar ƙwallo da lulluɓi a kanta, ta ce a gasar nan ne. Da gaske ne ko haɗin waya ne? Daga wata Hajiya a Zangon Kumasi.

Amsa: Hajiya, ina gaisuwa. Da gaske ne. Sunanta Nouhaila Benzina, 'yar bayan Maroko, tana wasa a ƙungiyar sojojin ƙasar da ke Rabat. Ba a sa ta a wasan Jamus ba. Ranar Lahadi 30 ga Yuli ta buga da Koriya ta Kudu a Adelaide, ta zama mace ta farko da ta taka leda sanye da hijabi a gasar duniya ta manyan mata. A da an hana, wai don gudun rauni a wuya, sai a 2014 aka halatta. Ki ƙara gaya wa jikar taki abin da hoto ba ya nunawa: wasanni biyun da Benzina ta buga, ba a zura wa Maroko ko ɗaya ba.

Tambaya: Wai da gaske kowace 'yar wasa za ta sami dala dubu sittin? Daga wata malamar firamare a Bauci.

Amsa: Malama, haka FIFA ta sanar: dala 30,000 ga duk wadda ta buga rukuni, 60,000 ga wadda ta kai zagayen 'yan 16, har zuwa 270,000 ga waɗanda suka ɗauki kofi. Kuɗin zai bi ta hannun hukumomin ƙwallo na ƙasashe, saboda haka ni sai na ji 'yan matan da bakinsu sun ce ya shiga. 'Yan Afirka ta Kudu sai da suka ƙaurace wa wasan sada zumunci da Botsuwana kan batun haƙƙinsu kafin su taso, kuma su ne Thembi Kgatlana ta ci wa ƙwallon da ta kori Italiya, 3-2, bayan minti 90 ya cika. Da su da mu da Maroko, karon farko ke nan da Afirka ta sa ƙasa uku a zagaye na biyu. Zambiya ce kaɗai ta dawo, bayan ta sha biyar-biyar a hannun Japan da Sifaniya, ta huce a kan Kosta Rika da 3-1.

Tambaya: Ingila da za mu kara da ita a zagayen 'yan 16 ta cinye wasanninta uku. Muna da ta cewa kuwa? Daga masu tambaya da yawa.

Amsa: Ingila ce zakarar Turai, kuma ita da Japan da Siwidin ne kawai suka haɗa maki tara. Ta zuba wa Sin 6-1, Lauren James tana yawo a filin kamar gonar gidansu. Sai dai na buɗe littafina na ga da ƙyar ta ci Haiti 1-0, da fenaritin da sai da aka sake bugawa, Denmak ma 1-0. Maki tara kuma ba ya bin kowa zuwa zagaye na gaba. A 2011 Ingilar nan ta doke Japan 2-0 a rukuni, Japan ce ta koma gida da kofi.

Daga yanzu babu maki ɗaya da za a raba. In an tashi canjaras a ƙara minti 30, in abin ya ƙi a je bugun fenariti, kuma kun san wa ke tsaron ragarmu. Litinin ce, 7 ga Agusta, a Brisbane, ƙarfe takwas da rabi na safe agogon Najeriya. Malamai kada ku yi mamaki in aji ya yi shiru. Tawa 'yar ta riga ta fara tari tun yau, na ce mata hutu ake yi, ta ajiye dabararta.