Siram ɗin bitamin C da baƙin tabon fuska

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce mai shekara 27, a Kano nake. Na yi fama da kurajen fuska, yanzu sun lafa amma sun bar mini baƙaƙen tabo a kumatu da goshi. Ƙawata ta ce in sayi siram ɗin bitamin C. Da na saya ruwansa garau yake, yanzu bayan wata biyu ya koma ruwan ƙasa. In ci gaba da shafawa? Wasu kuma sun ce lemun tsami ma bitamin C ne, in riƙa goga shi kawai. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ƙara lafiya. Kwalbar nan da ta koma ruwan ƙasa ki zubar da ita. Bitamin C tsantsa ba ya jure iska da haske da zafi. Da sun taɓa shi sai ya fara sauya kama, kamar goron da aka tsaga aka bari a fili: daga garau zuwa rawaya, daga nan ruwan lemo, daga nan ruwan ƙasa. Rawaya mai haske ana iya lallaɓawa da shi, amma in ya kai inda naki ya kai, ƙarfinsa ya tafi, sai dai ya ɓata miki fata da launi. Wannan kuwa ya fi damun mu a nan, domin kwalba takan sha zafin bazara a kan teburin shago a kasuwa tun kafin ta iso hannunki.

Shawarar ƙawarki tana kan hanya. Irin wannan baƙin tabon da kurji ke bari a baƙar fata ba rami ba ne, launi ne. Inda fata ta kumbura, ƙwayoyin da ke samar da melanin, sinadarin da ke bai wa fata launi, sukan ƙara himma, sai wurin ya fi kewayensa duhu. Bitamin C yana rage wa sinadarin da ke tafiyar da wannan aiki ƙarfi, tabon ya riƙa dushewa a hankali. Ban da haka, yana kwashe gubar da zafin rana da hayaƙin titi ke haifarwa a cikin fata, kuma jiki ba ya iya ƙera kolajin, wanda shi ke riƙe fata ta tsaya da kyau, sai da shi. Shi ya sa wanda bitamin C ya ƙare a jikinsa dasashinsa ke jini, ciwonsa ya ƙi warkewa.

Sai dai ki sani, aikinsa na haƙuri ne. Kafin wata biyu zuwa uku ana shafawa kullum, da wuya ki ga bambancin da zai faranta miki rai. Kuma ba ya mayar da mutum fari. Ina nanata wannan domin yana ci mini rai: masu haɗa mai da yawa sukan liƙa sunan bitamin C a roba, mace ta shafa mako biyu ta ga ta yi fes. Bitamin C ba ya wannan saurin. Abin da ke yin haka galibi sinadaran bilicin ne masu haɗari irin su haidrokwinon, ko sitiroid, wani lokaci har da makuri. Ƙarshensa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin, kuraje su dawo fiye da da. A shekarar 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar gaggawa ga lafiyar al'umma a Najeriya. Duk man da babu jerin sinadaransa da lambar rajista a jikinsa, kada ya taɓa fuskarki.

Idan za ki sake saye, ki juya kwalbar ki karanta. Wanda aka fi bincike a kansa shi ne aka rubuta L-ascorbic acid. Binciken da Dakta Sheldon Pinnell da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Duke ta Amurka a 2001 ya nuna ba ya ratsa fata sai yana da ɗan tsami, kuma da ya wuce kashi 20 cikin ɗari babu wani ƙarin amfani. Ke da kike farawa, kashi 10 ya ishe ki. A 2005 masu binciken wannan jami'a sun gano cewa haɗa shi da bitamin E da sinadarin ferulik yana sa ya daɗe bai lalace ba, kuma yana ninka kariyar da yake bai wa fata daga rana. Ki zaɓi ƙaramar kwalba mai duhu, ki rufe ta gam bayan kowane amfani, ki ajiye a firij ko wuri mafi sanyi a ɗakinki, ba bakin taga ba. Idan fatarki mai saurin ƙaiƙayi ce, ko har yanzu kurajen na leƙowa, nemi wanda aka rubuta sodium ascorbyl phosphate. Ya fi sauƙi ga fata, ya fi jure zafi, ko da yake bai kai na farko ƙarfi ba.

Da safe ake shafawa. Ki wanke fuska, ki bari ta bushe, ki ɗiga uku ko huɗu a tafin hannu ki bi fuskar da shi, sai man da ke sa laushi, sai man kariya daga rana wanda aka rubuta SPF 30 ko sama a jikinsa. Wannan na ƙarshen kada ki tsallake shi. Mutane da dama suna ganin baƙar fata ba ta buƙatarsa, alhali rana ce ke ƙara wa tabo duhu. Abin da bitamin C ya goge da safe, ranar azahar ta mayar da shi. Ki fara gwadawa a bayan kunne kwana biyu. Ɗan tsikari na wasu daƙiƙu ba komai, amma raɗaɗi ko ja ko kumburi alama ce ki dakata. A lokacin hunturu, ko ranar da kika yi dilka fata ta sha murza, ki ɗaga masa ƙafa.

Lemun tsami kuwa, a'a. Bitamin C ɗin da ke cikinsa bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari ba, tsaminsa kuma na wani sinadari ne daban mai cin fata. Ga shi yana ɗauke da abin da, in rana ta haska wurin, fatar kan ƙone ta bar baƙin da ya fi na kurjin daɗewa. Ki matsa shi a abinci, ki haɗa da gwaiba da tattasai da garin 'ya'yan kuka. Mace baliga tana buƙatar kimanin miligiram 75 a rana, gwaiba guda mai kyau ta biya wannan.

Idan kin taɓa amfani da man haɗi na tsawon watanni, ko baƙin ya shimfiɗu a kumatu biyu tun bayan goyon ciki, ki je likitan fata ya duba ki kafin ki sayi komai, domin maganin waɗannan daban ne.